Kujerar Dama a Motar Malam Lawan

Ina tsaye a layin shagon abincin Indiyawa Musulmi, irin wanda ake kira mamak, da ke ƙasan benenmu a unguwar Cheras, takunkumi a fuska, ina jiran a ƙulla mini abincin rana, sai wayata ta yi ƙara. Maman Sadik ce. Tun da aka kwantar da mijinta a asibiti kullum takan kira ni ta faɗa mini abin da likitoci suka ce, don haka na ɗauka ba tare da fargaba ba. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Malam Habibu, sun kira ni yanzu. Malam ya cika." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na yi ta maimaitawa har mai shagon ya leƙo yana tambayata ko lafiya. Na bar masa abincinsa a kan kanta, na hau sama ban san da ƙafar da na hau ba.

Malam Lawan haifaffen birnin Kano ne, malamin injiniyanci a kwalejin da ni ma nake koyarwa a nan Kuala Lumpur. Ya riga ni zuwa ƙasar nan da shekaru masu yawa, kuma ya girme ni nesa ba kusa ba. Shi ya ɗauko ni daga filin jirgi ranar da na sauka, shi ya samar mini gida a benen da yake zaune, shi ya kai ni kasuwar Masjid India ya nuna mini shagon da ba a tsuga wa baƙo tsada. Ba ni kaɗai ya yi wa haka ba. Ɗalibanmu 'yan gida da ke kwalejojin garin nan, duk wanda ya shiga uku, lambar Malam yake nema kafin ta ubansa. Da aka yi kullen korona aike ya yanke wa wasunsu daga gida, shi ya riƙa cika ƙaramar motar matarsa da shinkafa da ƙwai, ya ajiye a ƙofar ɗakunansu, ya buga ƙofa ya juya. In aka yi masa godiya sai ya haɗe rai kamar an zage shi.

Mutum ne mai kaifin harshe, wannan ba zan ɓoye ba, don shi ma ba ya son a yi masa kwalliya. Ba ya yabon aiki sai ya juya shi ya duba ƙasansa. Yakan ce, "Inji ba ya ƙarya, mai shi ne yake yi." Ɗalibai suna tsoronsa a aji, amma ranar Juma'a za ka gan su a falonsa sun kewaye tuwo. Akwai kuma wata tsohuwar ɗabi'a ta gida da ya zo da ita bai taɓa ajiyewa ba: ba ya faɗin sunan ɗansa na fari. Duk shekarun da muka yi tare ban taɓa jin "Sadik" ya fito daga bakinsa ba, sai dai "yaron nan" ko "mutumin". Mu da muka tashi a gida mun san kara ce da kunyar ɗan fari. Amma Sadik a nan ya girma, cikin yaran da iyayensu ke kiran sunansu su rungume su a bakin makaranta. In ka yi masa Hausa da Turanci ko Malayanci yake amsawa. Yana ji ubansa na kiran sunan ƙannensa mata yana yi musu wasa, shi kuwa "kai" ne kawai, kuma babu wanda ya zaunar da shi ya yi masa bayani, don a ganinmu abu ne da kowa ya sani.

Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Malam ya so Sadik ya gaje shi, ya sa shi karatun injiniya. Yaron ya yi shekara biyu yana jan ƙafa, sannan rana ɗaya ya ce shi girki yake so ya koya, ya samu wata makaranta a jihar Penang, can nesa da mu. Ina falon ranar, na ji abin da Malam ya ce, kuma da ana mayar da magana ciki na san da ya mayar. Ya ce, "Ban ƙetare teku da kai don ka zama kuku ba." Sadik ya tashi ya bar falon. Ya haɗa kayansa ya tafi, mahaifiyarsa kaɗai yake kira a waya. Hutu ya zo ya wuce bai dawo ba, wani ma ya zo ya wuce.

A cikin wannan hali ne, gab da shigowar annoba, Malam ya buga mini ƙofa wata Asabar ya ce in raka shi garin Kajang ya duba mota. Na zaci motar iyali ce. Muka isa gidan wani dattijo ɗan asalin Sin, ya yaye tamfol, sai ga wata jar aba kwance a ƙasa kamar kada, bonet ɗinta ya fi rabin tsawonta. Motar tsere ce ta Amurka, ta hannu, ta kusa kai shekarun Sadik. Kujeru biyu ne kacal a cikinta. Na kalle ta na kalli Malam da furfurarsa da hularsa, na ce, "Malam, kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura. Wannan kuma ta zuwa masallaci ce ko ta kai Hajiya kasuwa?" Bai ko kalle ni ba, ya miƙa mini hular ya ce in riƙe.

Ban taɓa ganin an sayi abu da irin natsuwar da ya sayi motar nan ba. Mai motar ya yi niyyar tayar da ita, Malam ya hana, ya fara ɗora tafin hannu a kan injin don ya tabbatar ba a ɗumama shi kafin zuwanmu ba. Ya ɗaga shimfiɗar ƙasa ya kai hancinsa yana shinshinawa, ya ce a garin ruwa irin wannan motar da ambaliya ta taɓa shanyewa ba ta rabuwa da warin laka ko an wanke ta sau ɗari. Ya ƙwanƙwasa jikinta ya ce mini, "Ka ji? Ba ƙarfe ba ne, faiba ne, ba ya tsatsa. Shi ya sa take yaudarar mutane. Fatar tana sheƙi, ƙashin da ke ƙasa ya ruɓe." Sai ya shimfiɗa jarida ya shige ƙarƙashinta da tocila, dattijon yana tsaye yana dariya yana cewa, "Boleh, boleh, duba son ranka." Da ya fito duk baƙin mai a gwiwar hannunsa, ya ce a tayar. Ƙarar da ta yi sai da karen maƙwabta ya ruga. Malam ya rufe ido yana saurare, ya ce, "Mota da hanci da kunne ake sayenta. Ido abokin dillali ne."

Aibi ɗaya ya samu. Fitilunta na gaba irin masu ɓuya ne, a kwance suke cikin bonet sai an kunna su ɗago. Ta hagu takan ɗago, ta dama ta ƙi, sai motar ta zama kamar tana kashe wa mutum ido. Malam ya ce ƙaramin abu ne, wani ɗan haƙorin roba ne ya cinye a ciki, za a aiko masa daga Amurka. Ni kuwa aibin da na gani ya fi wannan. Sitiyarinta a hagu yake, a ƙasar da kowace mota sitiyarinta ke dama. Ban gane girman abin ba sai da muka iso tol, wurin biyan kuɗin hanya, a hanyar dawowa. Na'urar da ake taɓa wa kati tana gefen dama, gefen da nake zaune, Malam yana can nesa da ita. Ya miƙo mini katin ya ce, "To, yi aikinka." Na zuge gilashi na taɓa, sandar ta ɗaga. Na ce masa ai akwai 'yar na'urar da ake liƙawa a gilashi ta biya da kanta. Ya ce, "Na sani, ni nake koyar da yadda ake ƙera ta. Ba ita nake nema ba."

Ba a daɗe ba aka rufe gari. Motar ta kwanta a wajen ajiye motoci na ƙasan bene, ga harajin hanya mai nauyi saboda girman injinta, ga Maman Sadik tana mita tana cewa an sayo mata kishiyar da ba ta dafa komai. Da yamma in mun gama koyarwa ta kwamfuta, Malam yakan sauka ya tayar da ita don kada batir ya mutu, ni kuma in tsaya daga nesa kamar yadda doka ta ce, muna hira ta cikin takunkumi. A nan ya karantar da ni tarihin motar zubi bayan zubi, ba don na tambaya ba. Ya ce zubin farko kyau ne kawai babu ƙarfi, kamar ango ranar ɗaurin aure. Na biyu ne ya zo da fitilu masu ɓuya da inji na gaske. Na uku ya zo da ƙugu kamar kwalba, amma a zamaninsa mai ya yi tsada, dokar hayaƙi ta tsananta, aka rage masa ƙarfi har ya zama ƙara ta fi gudu. Na huɗu aka miƙe masa jiki aka cika gabansa da lambobi masu haske. Tasa ita ce ta biyar, kuma daga ita ba a sake yin fitila mai ɓuya ba.

Abin da ya fi ba shi dariya shi ne masu motar. Ya ce duk lokacin da sabon zubi ya fito, masu tsohon sai su tashi da kumfar baki su ce wannan ba ita ba ce, an ɓata gida. Da aka daina ɓoye fitila sun yi kuka. Da aka sauya fitilun baya daga zagayayyu zuwa masu kusurwa sun yi kuka. Na baya-bayan nan, wanda ya fito a daidai lokacin, an ɗauke injin ɗungurungum daga gaba an mayar da shi bayan direba, bonet ɗin nan mai tsawo ya tafi. Na ce, "To wannan kam ai wata mota ce daban." Ya goge madubi da gefen rigarsa, sannan ya ce, "Haka na ce da farko. Amma sunan gidansu ɗaya, kuma ta fi uwarta gudu. Wanda ya ce sai ɗa ya fito da kamannin ubansa sak, to gidan tarihi yake so, ba zuriya ba." Na gane ba maganar mota yake yi ba, shi ma ya san na gane, sai muka koma zancen taya.

Wata rana na sauko na tarar da shi ya ɗaure katin tol da roba a kan muciyar tuwon Maman Sadik, yana zaune a kujerar direba yana gwada miƙa ta ta tagar dama. Na yi dariya har takunkumina ya zame. Shi ko gezau. Ya ce da zarar an buɗe hanya tsakanin jihohi zai tafi Penang. "Zuwa da muciya, dawowa da mutumin." A ranar ya faɗa mini abin da bai faɗa wa matarsa ba. Ya ce shi ba zai iya zama gaba da gaba da ɗan farinsa ya ce masa ya yi kuskure ba, bakinsa ba zai buɗu ba, haka aka rene shi. Amma a mota kowa hanya yake kallo. Babu kujerar baya da yaro zai gudu ya zauna, babu mutum na uku da za a fake da shi. Ga tafiya mai nisa, ga tol bayan tol, dole uba ya ce wa ɗa miƙa hannu, dole ɗa ya miƙa. Ya ce, "In an fara da wannan, sauran maganar za ta samu hanya." Na ce ya kira shi a waya mana kafin nan. Ya ce maganar da aka ɓata a falo ba a gyara ta a waya.

An buɗe hanyar. Wannan shi ne abin da ke ci mini rai har yau, kuma na san yana ci wa duk wanda ya san zancen. Watanni aka yi ana zirga-zirga, motocin haya suna tafiya Penang suna dawowa, Malam bai tafi ba. Haƙorin fitilar nan bai iso ba, annoba ta tsayar da kaya a hanya. Na ce masa ya tafi da rana, wa ke buƙatar fitila da rana? Maman Sadik ta ce ya ɗauki ƙaramar motarta. Ya ce a'a, shi injiniya ba zai je wa yaron da mota mai ido ɗaya ba, bayan shi ne ya gama yi masa gorin aikin da ba a kammala ba. Halin nan nasa na sai abu ya cika cif, wanda ya sa ɗalibansa suka zama ƙwararru, shi ne ya zaunar da shi. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Ranar da ɗan ƙunshin ya iso, an riga an sake rufe hanya.

Ya gyara fitilar duk da haka. Ya kira ni na sauko, ya kunna, idanu biyu suka ɗago tare, ya yi murmushin da ban cika gani a fuskarsa ba. Ya ce, "Yanzu sai a buɗe." Bayan 'yan makonni ya fara tari. Motar asibiti ta zo ta ɗauke shi, ya ɗaga mini hannu daga ciki, ganina da shi na ƙarshe ke nan. Ma'aikata cikin fararen kayan kariya su suka yi masa sutura, mu 'yan ƙalilan muka tsaya daga nesa muka yi masa salla. Mutumin da ya raka gawar baƙi da yawa a garin nan, bai samu sahu biyu cikakku ba. Maman Sadik da 'yan matan suna killace a gida. Sadik ya samu takardar izinin 'yan sanda ya taho, amma kafin ya iso an rufe kabari, an kuma hana ziyara.

Sai makon jiya aka sassauta. Sadik ya buga mini ƙofa da makullin motar a hannunsa, ya ce cikin Hausarsa mai tsalle-tsalle, "Baffa, ina so in je wajen Baba. Mama ta ce da wannan mota." Na ce to ya tuƙa. Ya girgiza kai ya ce bai saba da sitiyarin hagu ba. Ya zagaya ya buɗe ƙofar dama, sai ya tsaya, don muciyar tana kwance a kan kujerar da katin a ɗaure. Ya ɗaga ta yana juyawa. Mai girki ne, ya san ko mece ce, abin da bai sani ba shi ne me take yi a mota. Na ce ya shiga, zan faɗa masa a hanya.

Na faɗa masa duka, ina kallon titi yana kallon titi, kamar yadda ubansa ya tsara. Na faɗa masa zancen zubi na farko har zuwa wanda aka mayar wa inji baya, da abin da Malam ya ce a kan gidan tarihi da zuriya. Na faɗa masa zuwa da muciya, dawowa da mutumin. Da na gama sai ya ce, har da "lah" ɗin nan ta mutanen ƙasar, "Baffa, gaskiya lah, ya taɓa faɗin sunana? Ko sau ɗaya?" Na so in yi masa ƙarya, Allah ya sani na so. Amma ɗan mutumin da ya ce inji ba ya ƙarya ne. Na ce, "Ban taɓa ji ba. A wajenmu ɗan fari sunansa ya fi ƙarfin bakin ubansa, kakanka ma haka ya yi masa. Sunan kowa yana faɗa, har na karen maƙwabta. Naka kaɗai yake jin nauyi. Kuma mota ya saya mai kujera ɗaya tak bayan tasa, ni kaina aro nake zama a kanta."

Muka iso tol. Na tsaya, na'urar tana gefensa, sandar tana kwance a gabanmu. Ya warware robar a hankali, ya zare katin daga jikin muciyar, ya zuge gilashi ya miƙa hannunsa. Sandar ta ɗaga. Ni kuma na kasa taka mota, na kifa kai a kan sitiyarin Malam ina kuka kamar yaro, na baya suna ta danna mana oda. Sadik ne ya dafa kafaɗata ya ce, "Mu je, Baffa, yana jira."

Motar tana nan, Sadik ya ce ba za a sayar ba, zai koyi sitiyarin hagu. Muciyar kuwa ya mayar da ita kicin, da ita ya tuƙa tuwon sadakar da muka raba wa ɗaliban Malam ƙofa ƙofa, kuma duk wanda ya ci ya ce hannun yaron ya faɗa. Da ubansa ya ɗanɗana, na san da ba zai yaba ba, sai dai ya miƙa kwano a ƙara masa.

Ya Allah, ga bawanka Lawan ya zo gare ka daga ƙasar da ba tasa ba. Ka gafarta masa kaifin harshensa, ka dubi abin da ya ajiye a ƙofar 'ya'yan mutane bai tsaya an gode masa ba. Ka karɓi tafiyar da ya yi niyya bai samu yi ba, ka rubuta masa ladanta cikakke. Ka yalwata kabarinsa, ka haskaka shi, ka sa cutar da ta ɗauke shi ta zama kankarar zunubi. Ka ba Maman Sadik da 'yan matanta haƙuri da dangana, ka zama gatansu a baƙon wuri. Ka sanya albarka a hannun Sadik da sana'arsa, ka haɗa shi da mahaifinsa a Aljanna, inda babu nauyin da zai hana uba kiran sunan ɗansa. Mu da muka rage, ka ba mu ikon zuwa wajen namu tun hanya tana buɗe, in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.